Ke Kika Zauna a Kanta, Bodil

Alhamis, da hantsi. Gwiwar hagu ta kumbura, tarin ya ɗan lafa, zuciya kuwa tana nan tana aikinta ba da son ranta ba.

Zuwa ga Bodil, hasken watan Yuni da ba ya son faɗuwa, tuffar da ta fi daɗi bayan sanyi ya taɓa ta, iskar teku mai shigowa ba sallama ta watsa wa mutum takardu!

Ina rubuto miki daga bakin ƙofa, a kan kujera, sanye da kwat da takalma kamar mai shirin tafiya, alhali babu inda za ni. Da alƙalami na zo miki, domin a waya kina katse ni, takarda kuwa ba ta da wurin katsewa. Jiya kin ce, "Ejnar, in ba ka hau jirgin fito ka zo wasan karta gobe ba, kujerarka ta zama ta Holger. Ni ban yi alkawari da kwamfuta ba." Kika ajiye. Haba, sanyin idona! Ai ko mai laifi ana barinsa ya buɗe baki.

Kin manta ranar da muka zauna a benci a bakin ruwa, agwagin teku suna ta gardama, kina dariya har hularki ta karkace? Na ajiye kwamfutar hannuna don in ɓare miki alewa, ke kuwa, ya gajimaren da ba shi da nauyi, ya gashin tsuntsun da iska ke ɗauka, kika juya kika zauna a kanta. Na ji ƙarar, kin ji ƙarar. Kika ce, "Benci ne, ya tsufa kamar kai." Na amince benci ne, don na fi son in rasa gilashi da in rasa wannan dariyar.

Amma ta cikin gilashin nan nake ganin fuskarki kullum bayan cin abinci. Ta nan likita ke aiko mini da saƙo, ta nan nake sayen tikitin jirgin da ke kawo ni wurinki. Sai na kira kamfanin da ya ƙera ta. Wata murya ta yi ta rantsuwa cewa kirana yana da daraja a wurinsu, tana sa mini kiɗa, har kofina ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa. Daga baya wata yarinya ta ɗauka, tana kirana da sunana tsirara kamar ita ta raɗa mini. Ta ce, "Ba damuwa, Ejnar, ka shiga shafinmu ka cika bayani." Na ce, "Da me zan shiga, 'yata?" Ta ce, "Da kwamfutarka mana." Allah ya yi wa ilimin zamani albarka!

Suka karɓe ta, suka kai ta wata ƙasa inda masanansu suke. Sakamakon bincike ya zo: wai wani abu mai nauyin gaske ne ya sauka a kanta gaba ɗaya. Yarinyar ta tambaye ni, "Kabad ne ya faɗo, ko mota ce ta taka?" Bodil, furen kan tudu, ki ji abin da masoyinki ya yi: na ce ni ne. Ni da iska ke mayarwa gida in na fita ba sanda! Ta ce, "To, ka rage cin dankali." Na haɗiye wannan saboda ke. Holger zai iya? Holger da ke leƙen kartar mutane ta gilashin taga, wanda haƙoransa ke riga shi yin magana?

Yanzu sun gyara, sun ce. Saura a kawo. Mai kawowa zai zo ranar Alhamis, tsakanin fitowar rana da faɗuwarta, kuma sai ni da hannuna zan karɓa. Na roƙe su kowace rana ban da Alhamis, aka ce na'ura ce ke zaɓa, kuma ita ba a yi mata magana. Makon jiya ya zo. Ina banɗaki na ji ƙararrawa. Kafin in jawo ƙafafun nan zuwa ƙofa ya bar 'yar takarda: mun zo, ba mu same ka ba. Ba su same ni ba! Ni da ko mutuwa ta san inda nake, kunya ce kawai ta hana ta shigowa. In ya sake rasa ni yau, za a mayar da ita ƙasar masanan, a fara daga kiɗan nan. Shi ya sa tun safe ban sha kofi ba, ban sha ruwa ba, ina zaune kamar mai gadin gidan da ba a ajiye kome.

Ya ke tauraruwar da masunta ke bi su koma gida, wane irin hukunci ne wannan? Ke kika fasa, ni nake tsare, Holger ke cin riba! Ba na neman ki ba ni haƙuri, na san bakinki bai saba ba. Abin da na roƙa jiya kafin ki ajiye waya shi nake maimaitawa: ki hau jirgin rana ki zo. Na jawo ƙaramin tebur nan bakin ƙofa, na sa karta, na sa biskit ɗin man shanun da kike cewa ya bushe amma kina cinyewa. Mu yi wasa a nan, in an buga ƙararrawa ki buɗe, tunda ƙafarki ta fi tawa sauri in kin ga dama. Na yi alkawari ba zan ƙara ajiye kome a kan benci ba, kuma sirrin abin da ya fasa gilashin nan da shi za a binne ni.

Naki ne ni, a tsage kamar gilashin, amma ban taɓa nuna fuskar kowa ba sai taki, kuma haka zan kasance har ranar da za a mayar da ni wurin wanda ya ƙera ni.

Ejnar

Ƙari, da yamma. Jirgin ƙarshe ya tashi, na ga fitilunsa. Mai kawo kaya bai zo ba. Ke ma ba ki zo ba. Na kira kamfani, sun ce sun aiko mini da sanarwar ɗagewa, ta kwamfutar da ke hannunsu. Alhamis mai zuwa, wai.

Ki gaya wa Holger ƙafar baya ta kujerata ta wurin karta gajera ce, sai an naɗe takarda an sa a ƙarƙashi. Ko kuwa bari, kada ki gaya masa.