Ki Ce Musu Eh, Sahadatou

Zuwa ga Sahadatou, ruwan fari a kan tudun Damagaram, inuwar gawo a tsakiyar rani, sanyin randa ga wanda ya sha tafiya, Dakta tawa sabuwa fil! Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina gajiyar sutnans, wato zaman kare digirinki? Ina gwaggo Hajiya Aishat da ciwon ƙafarta?

Daga Lyon nake rubuto miki, amma wallahi gangar jiki kaɗai jirgin ƙasa ya maido. In na rufe ido, ɗakin nan na jami'a nake gani a Paris, ke tsaye cikin shuɗiyar shadda, manyan malamai zaune gabanki suna jiran ki kare bincikenki. Ni da aikina bai wuce ɗaukar hoton ƙashi a asibiti ba, me na sani game da sararin sama? Amma kika yi bayani har na gane. Taurarin ɗan'adam uku, ƙanana kamar akwatin tafiya, suna kewaya duniya a jere don su ɗauki hoton wuri guda tare. In ɗaya ya kauce, sai ya ƙona mai ya koma layi. Can kuwa babu inda ake shan mai. Ranar da tanki ya bushe, tauraro ya mutu. Ke kika koya musu tattali! Kika sa suna shawara tsakaninsu ba tare da jiran umarni daga ƙasa ba: mai cikakken tanki ya motsa, mai kaɗan ya huta. Wani sa'in ma ba a ƙona ko ɗigo, sai ɗaya ya karkata fikafikansa, 'yar iskar da ta saura a can sama ta rage masa gudu. Kai! Wace irin ƙwaƙwalwa ce Allah Ya ajiye ƙarƙashin wannan ɗankwali?

Da dattijon farfesan nan mai farar gira ya tambaya, to in na tsakiya ya lalace gaba ɗaya fa, gabana ya faɗi. Kika matsa gaban ordinater, kwamfutar da kike nuna gwajin tafiyar taurarin a kanta. Sai kika kashe tauraron da hannunki a kan allo, gaban kowa. Sauran biyun suka ja gefe, suka ba shi hanya, suka sake jeri su kaɗai. Dattijon ya cire tabarau ya jinjina kai, gwaggo kuwa, wadda ba ta tsinci kalma ɗaya ba tun farko, ta rangaɗa guɗa har malaman juri suka kwashe da dariya! Wa ya taɓa ganin barewa da zuciyar zaki, in ba ni ba, ranar nan?

Shi ya sa maganar da kika faɗa mini a gar, tashar jirgin ƙasa, ƙafata ɗaya cikin jirgi, ta hana ni sakat. Kika ce, “Siddiq, labon binciken da zai harba taurarin da gaske ya ba ni aiki nan Paris, amma a'a zan ce. Bayan bikin aurenmu gidanka zan zo.” Kina murmushi kika faɗa, idonki kuwa ya cika taf. Aka busa usur, ƙofa ta rufe, amsata ta taho Lyon tare da ni.

To ga amsar, hasken idona. Ina son ki zo, Allah ne shaida. Ina son in ji motsinki a ɗakina, ina son mu taka bakin kogin Saône da yamma, ki riƙa gyara mini Faransanci kamar yadda kika saba. Amma in ɗauke ki daga aikin da kika ba ƙuruciyarki, in zauna ina kallon wani yana kunna abin da kika haifa? Da wane ido zan dube ki ranar?

Na riga na shiga ofishin shugabar sashenmu na ce zan bar Lyon. Ta ce in na tafi na rasa matsayina, can sai dai in fara daga ƙasa. Na ce na ji. Ƙashi yana karyewa a Paris kamar yadda yake karyewa a nan. In asibiti ya yi jinkirin kirana, kasuwar Rungis ba ta ƙin mai ƙarfin ɗaukar kaya. Na kira Babana a Maraɗi, ina tsoron faɗa. Sai ya ce yarinyar da ta iya tuƙa abin da ke sama, shi bai isa ya ce ta sauko ba.

Litinin mutanen labo suke jiran amsarki. Don Allah, Sahadatou, don son da nake miki, ki ce musu eh! Ki bar mini neman ɗaki a unguwar Belleville, kusa da gwaggo. Ni ne mai zuwa.

Naki a Lyon, naki a Paris, naki duk inda aikinki ya kai mu, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Siddiq