A Buɗe Mana Tsohuwar Majami'ar Tibiri

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Dattawan Ikilisiyarmu, da dattawan da ke zama tare da shi, Maraɗi.

Baba Shugaba, gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalinku da dukan garken da aka ba ku kiwo.

Sunana Hannatu, ɗiyar marigayiya Ladi ta Tibiri. A unguwar Zariya nake zaune, ɗinki ne sana'ata, kuma ina cikin zumuntar mata tun ina amarya. Na so a ce a ɗaki muka yi wannan magana. Na yi ta zuwa wurinku, kullum sakatare ya ce kuna taro ko kun yi tafiya, har na fara jin kunyar mai gadi. Shi ya sa na fito da ita fili. Ba don in tozarta kowa ba ne. Maganar tsohuwar majami'armu ta Tibiri ce, wadda ta daɗe a kulle, wadda kuma muke jin ƙishin-ƙishin za a rushe ta a gina shaguna.

Na farko, ina so in tuna muku ko wane ɗaki ne wannan, domin da yawa cikin dattawan yanzu a birni suka tashi, daga waje kawai suka san shi. Kakana Ɗanjuma na cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasarsa. Manoma ne 'yan kaɗan, da wasu daga wajen Jiratawa da suka warke daga kuturta amma danginsu suka ƙi karɓarsu. A kan jakuna suka ɗebo laka daga gulbi. Wanda ba shi da yatsun riƙe tubali, ya tattaka ƙasa da dugadugansa. Har wuraren zama na ƙasa ne, an goge su sun yi santsi saboda zaman mutane. Ba mu da ƙararrawa, tsohon ƙarfen ƙafar mota aka rataya a bishiyar dogon yaro, in an buga shi har bakin fadama ana ji.

A nan aka ɗaura auren iyayena, a nan na koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa. Mutanen Jiratawa tun ranar Asabar suke isowa, su kwana a zaurenmu, mahaifiyata ta dama musu fura. Da safe ita ce mai ba da waƙa, tulu a cinyarta tana bugun bakinsa da tafin hannu, mata na amsawa. Murya gare ta mai kauri, ba mai zaƙi ba, amma in ta ɗauko waƙa ko kurma ya san an fara sujada.

Kowace shekara kafin ruwan farko akan sa ranar yaɓe. Maza na kwaɓi, mata na jido ruwa, mu yara muna ɓata jikinmu da sunan taimako. Maƙwabcinmu Malam Isa, musulmi ne mai almajirta da sani, yakan turo 'ya'yansa su hau rufi, ya ce ɗakin da ake ambaton Allah bai kamata ya yi yoyo ba. In azuminsu ya zo, daga gidajenmu kunu ke fita zuwa nasu. Ba wanda ya koya mana wannan zama, haka muka tarar.

Na biyu, yadda aka rufe ɗakin. Da aka tashi gina babbar majami'a ta siminti a Maraɗi mun yi murna, ni kaina na ɗauki yashi a ka. An yi mana alkawari a gaban jama'a cewa ta Tibiri za a ci gaba da buɗe ta saboda tsofaffi. An ɗan yi hakan, sai aka ɗauke mai bisharar da ke can, aka ce kowa ya riƙa zuwa birni. Baba Shugaba, tsohuwar da gwiwa ta ƙi, yaya za ta hau kabu-kabu daga Tibiri kowace Lahadi? In ma ta iso, rabin sujadar da Faransanci ake yi, fassarar kuma a gurguje. Bayan haka aka ba wani ɗan kasuwa hayar ɗakin, ya cika shi da buhunan wake. Ba ni da ƙorafi a kansa, abin da aka miƙa masa ya karɓa. Ƙorafina shi ne ba a taɓa sanar da mu ba. A bakin masu dako muka ji.

Na uku, shi ne wanda ya hana ni barci. A ƙarshen rayuwarta mahaifiyata ta dawo hannuna a unguwar Zariya, idonta ya mutu. Damanar bara ta kwanta ciwon ajali. Wata rana ina goge mata jiki ta riƙe hannuna ta ce, "Hannatu, in na tafi ku shigar da ni ɗakin nan ko na ɗan lokaci ne. A yi mini waƙa ɗaya da tulu, sannan ku kai ni kusa da ubanki." Na ce mata an gama, Inna. Ban ga abin wuya a ciki ba.

Ranar da ta rasu, ƙanena Yakubu ya je wurin sakatare neman makulli. Aka ce yana hannun mai haya, mai haya kuma ya tafi Kano, wayarsa ba ta shiga. Yakubu ya roƙa a bari mu fasa kwaɗon mu sayi sabo, mu matsar da buhuna kaɗan daga bakin ƙofa. Aka ce kayan mutum amana ne, sai kwamiti ya zauna. Gawa kuwa ba ta jiran kwamiti.

Muka kai ta Tibiri, muka shimfiɗa tabarma a gaban ƙofar da ke kulle, muka kwantar da ita. Warin maganin ƙwarin wake na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na leƙa ta tsagar katako ko zan hango inda take zama, ban ga komai ba sai buhuna har rufi. Muna fara waƙa ruwa ya sauko. 'Ya'yan Malam Isa, waɗanda yanzu su ma furfura ta cika musu gemu, suka kawo tampol suka riƙe mata a sama har muka gama. Ba mu iya haɗa ido da su ba. Dattawa sun zo gaisuwa daga baya, mun gode, amma ba wanda ya ambaci ƙofar nan.

Na huɗu, maganar rushewa. Na san ikilisiya na da nauyi a kanta, na san kuma bangon gabas ya tsage. Amma ya tsage ne don an daina yaɓe, ba don ya gaji ba. Bayan wannan bango iyayenmu ke kwance. Ban san yadda za a yi ciniki a kansu ba.

Ga roƙona. Ku tashi ranar Lahadi ku faɗa mana da Hausa, baki da baki, abin da aka yanke game da ɗakin. In wa'adin hayar ya cika kada a sabunta, a ba wani mazaunin Tibiri makullin. A bar mu mu yi yaɓe kafin damana. Ba mu nemi ko dala daga asusu ba, matan zumunta sun yarda, na Jiratawa ma sun ce a sanar da su rana. Sannan ko sau ɗaya ne a wata, a turo mana wanda zai bi da sujada a can.

Inna ta riga ta tafi, abin da na kasa yi mata ba zai gyaru ba. Amma akwai sauran tsofaffi a Tibiri. Ɗaya daga cikinsu, Baba Iliya, wanda ya yi shekaru yana buga mana ƙarfen sujada, ya tare ni muna dawowa daga maƙabarta, ya ce, "Ɗiyata, ni ma a ƙofa za ku ajiye ni?" Amsar ba a hannuna take ba. Har yanzu yana jira.

Ubangiji ya ƙara muku lafiya da hikima, ya tausasa zukatanku ga marasa murya, ya sa ku gama aikinku da farar fuska. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Wassalam.

Ɗiyarku,
Hannatu ta Ladi,
Unguwar Zariya, Maraɗi.