Ina Jiran Ya Ce Na'ana'a

Inna Nabiha, don girman Allah ki taimake ni. Wannan magana ko 'yar'uwata da muka sha nono ɗaya ba zan iya gaya wa ba.

Shekara goma sha huɗu da aurenmu da Munsif, direban motar haya ne tsakanin Safakis da Gabis. Akwai wani wasa da muke yi a ɗakinmu, da yardarmu, ba wanda ya tilasta wa wani. Shi ke so in riƙe ragama, ni ma ba zan yi miki ƙarya ba, ina jin daɗi. Ya sayo wata 'yar na'ura mai batir da ake manna wa a fata tana ɗan jan mutum. Muka yi alkawari, da zarar ya ce "na'ana'a" in kashe. Muna shan shayi mai ganyen na'ana'a muka zaɓi kalmar, muna ta dariya.

Daga baya ya ce ƙarfinta ya yi kaɗan, ya kwance ta, ya haɗa ta da wutar lantarki ta bango. Ranar Lahadi da rana yara suka tafi cin kuskus gidan kakarsu. Ya manna waya ɗaya a ƙirji, ɗaya a baya, na danna maɓalli. Jikinsa ya sanƙare, ya ƙura mini ido, bai ce uffan ba. Ni kuma ina jiran na'ana'a. Inna, jira nake yi! Ashe haƙoransa ne suka datse. Kafin in gane in zare filogi, ya suma.

Da ya farfaɗo muka tafi asibiti, ashe likitan da muka samu maƙwabcin yayan Munsif ne, masallacinsu ɗaya. Munsif ya ce rana ce ta buge shi, ya ƙi cire riga saboda ƙunar da ke ƙirjinsa. Aka ƙara masa ruwa aka sallame mu. Yau kwana biyar zuciyarsa na tsalle, jiri ya kwashe shi sau biyu. Mahaifinsa ma faɗuwa ya yi a kasuwar kifi bai tashi ba, yana ɗan shekara arba'in da shida. Litinin zai koma tuƙi da fasinja takwas, kuma ya rantse in na tona asirinmu ba zai ƙara haɗa ido da ni ba. Ba na iya cin abinci, ko ƙamshin shayi na ji sai kuka. Hannuna ne a kan maɓallin. In ya mutu ni na kashe shi, in na faɗa na rasa shi. Na rasa inda zan sa kaina.

Wadda Ta Danna, Safakis

'Yata, share hawayenki, akwai aiki a gabanki yau ɗin nan, kada ki jira Litinin.

Kunyar mijinki gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma likitoci sun yi yawa a Safakis, ku nemi wanda bai san yayansa ba. Ba sai kun buɗe masa sirrin ɗakinku ba. Abu uku likitan yake bukatar sani: wutar bango ta ratsa ƙirjin Munsif, ya suma, mahaifinsa kuma ya yi mutuwar farat ɗaya. A auna bugun zuciyarsa, a duba ƙunar. In ya sake suma ko ƙirji ya riƙe shi, a kira motar asibiti. Kada ya taɓa sitiyari sai likita ya yarje masa, fasinjojin nan ba su shiga alkawarinku ba.

Na'urar kuwa, a jefar da ita. Masu irin wannan wasa su ji da kyau: ba a haɗa shi da wutar bango, ba a kai shi ƙirji, wuya ko kai, ba a wuce ƙugu zuwa sama. Mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya da mai ciki ba nasu ba ne sam. Lantarki kan ɗaure jijiya ya kulle baki, don haka shiru ba yarda ba ce.

Ke kin riƙe alkawari ne, shi ya kwance na'urar, ba kuma wanda ya nufi wani da sharri. Fushinsa zai huce, 'yata, in yana raye.

Ki ɓoye makullin motar, ki zaunar da shi, ki dube shi ido cikin ido. Kalmar nan ta ku biyu ce. Wannan karon ke za ki ce na'ana'a, shi kuma dole ya tsaya.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Inna Nabiha