Takardar Gonar Iliya

Daren Laraba, Kiru

Yau da hantsi Iliya mai tumatir ya zo da takardar gonarsa a cikin leda, wadda na rubuta masa da hannuna shekarar da ya sayi gonar. Ya ji a rediyo wai ƙungiyar lauyoyi ta ba gwamnati shawara a daina karɓar takardar cinikin gona sai wadda lauya ya rubuta.

"Baba Malam, tawa ta mutu ke nan?"

Na ce masa shawara ce, ba doka ba. Ya ce, "To yaushe shawara take zama doka?" A makarantarmu rubutu mai kyau aka koya mana, ba wannan ba.

Na sa tabarau na karanta ta sau biyu. A wancan lokacin na rubuta iyaka daga tsamiya zuwa rafi, ga shi an sare tsamiyar. Shaidu uku duk sun rasu, saura ni. Wataƙila lauyoyin suna da gaskiya. Amma tsofaffin takardu suke nufi, ko sababbi kaɗai? Na zauna gaban rediyo har la'asar, ba a maimaita labarin ba.

Tun rasuwar matata, masu neman in rubuta musu takarda ne kawai suke yi mini sallama. Idan aka hana, wa zai zo?

Iliya ya bar mini takardar, wai ta fi tsira a hannun wanda ya rubuta ta. Ga ta nan ƙarƙashin matashi. Ban gaya masa hannun ko moɗa da ƙyar yake riƙewa yanzu ba.