Fuska Ɗaya Ta Rage, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Ɗanladi maƙerin gwangwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ban girma, Baba, yau na koya wa ɗalibaina darasin nan da muka yi gardama a kansa, sai na kasa daurewa.

Ka tuna lokacin boren sojoji, da aka rufe makarantu, kowa a unguwarmu ta Kilomita Biyar ya garƙame ƙofa? Ka ce ƙauye za ka tura ni wurin Goggo, inda ko aji ɗaya babu. Na rungume littafin lissafi ina kuka.

Ka karɓa ka duba zanen. Na ce maka siffofin da fuskokinsu da kusurwoyinsu suke iri ɗaya sak, irin ƙwayar suga, biyar ne kacal a duniya. Ka yi tsaki, ka ce takarda ba ta isa ta yi wa almakashinka iyaka ba. In ka ƙera ta shida, in tafi. In ka kasa, in zauna.

Ana ta harbi, kai kana ta yankan gwangwanin madara. Alwatika uku, huɗu, biyar a kusurwa ɗaya, duk suka tashi. Shida suka baje kamar faranti. Murabba'i uku suka tashi, huɗu suka baje. Masu gefe biyar ma iyakarsu uku. Masu gefe shida kuwa ko motsi. Sai ka ɗauko guduma ka yi ta bugu har ƙarfen ya yi doro. Haba Baba! Maguɗi ne wannan, kai ma ka sani, shi ya sa ka fashe da dariya.

Da hannunka ka gano dalilin. Ka ce kusurwa ba ta tashi sai an bar mata giɓi. In fuskokin suka cike zagayen, babu abin naɗewa.

Ranar nan da safe ka gaya wa Inna ka sha kaye, yarinya za ta koma aji. Cikin siffofin biyar, huɗu ka gama ƙerawa. Ta biyar, mai fuska goma sha biyu, saura fuska ɗaya dalma ta ƙare, ka fita unguwar Miskin nemowa. Da la'asar aka turo ka a amalanke, harsashi ya same ka a hanya.

Inna ba ta saɓa maganarka ba.

Siffar ta biyar tana nan kan teburina a buɗe. Ɗalibai kan ce in kai wa maƙeri ya rufe. Ba zan kai ba. Fuskar da ta rage tana jakata, da sawun almakashinka. Wallahi ina kewarka, Baba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu a Aljanna.

'Yarka mai taurin kai,
Rakiya