Mijin Malama

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da wanda ke hanya. Yaya nauyin jiki? Tunda likita ya hana ki doguwar tafiya, ki zauna. Kin zo jana'izar uwarki, kin yi abin da ya kamata. Taron tunawa da ita da ake shiryawa ba sai da ke ba.

Kin tambaye ni ko kaɗaici yana damuna. Ina ma haka ne. Tun da aka binne ta ban sha shayin safe ni kaɗai ba. Na ɗauka da an gama makoki ƙafa za ta ɗauke, ashe ban gama sanin matar da na aura ba. Kin tuna yadda mutane suke cika ɗakinta a asibiti har ma'aikata suna korar su? Ashe lokacin da nake waje ina yawon neman magani, ita tana kwance tana rabar da ni. Ta gaya wa mawaƙan coci su ci gaba da koyon waƙa a falonmu. Ta gaya wa sabuwar shugabar makaranta cewa ni zan gyara bencinan aji uku. Ta gaya wa kwamitin unguwa ni zan ƙarasa bin maganar magudanar ruwan da ta toshe. Duk wanda ya buga ƙofa maganarsa ɗaya ce, wai Malama ta ce a zo wurin Maigida. Ni kuwa ko sau ɗaya ba ta tambaye ni ba.

Ba yau ta fara ba. Kafin in aure ta ina da suna, duk layin kafintoci da shi ake kirana. Daga ranar aure na koma Mijin Malama. Ta riƙe makarantar firamare shekara talatin, ta koyar da yara a coci, ta shugabanci kwamitin unguwa, ta raba faɗan miji da mata a kan teburin cin abincinmu alhali tuwon bakina bai wuce maƙogwaro ba. Tsanina ya kwana a gidajen mutane fiye da yadda ya kwana a gidana. Na yi shiru saboda tana nan, in na yi gunaguni ta yi dariya ta dafa mini kafaɗa, shi ke nan. Yanzu aikin yana nan, mai dafa kafaɗar ba ta nan.

Saboda haka na yarda da shawararku ke da yayanki. Da an gama taron, zan sa gidan haya in dawo wurinki. Ɗaki ƙarami ya ishe ni, muddin yana da ƙofar da ake rufewa.

Ki gaida maigidanki. Ki ci abinci sosai.

Babanki.

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin jin kumburin ƙafarki ya ragu. Ni ma lafiya, sai ciwon gwiwa da kuma mutane.

Na samo guntun katako na rubuta da jan fenti: MALAMA TA RASU, A BAR MIJINTA YA HUTA. Na buga shi a ƙofar gida da manyan ƙusoshi. Ya yi aiki fiye da yadda na zata. Mawaƙa sun yi fushi sun koma gidan mai kiɗa musu. Fasto ya zo ya tsaya daga waje yana tambaya ko bangaskiyata ce ta yi sanyi. Na ce masa bangaskiya tana nan, kujeruna ne suka gaji.

Ran Alhamis da la'asar ina cikin shago ina wasa zarto, na ji ana buga ƙofa ba ƙaƙƙautawa. Na fito a fusace, na tarar da matar nan mai sayar da gawayi a kwanar famfo, wadda jikokinta suke wasa a layinmu. Ban ko amsa gaisuwarta ba, na nuna mata allon na ce ko ba ta gani ba. Ta ce ta gani, shi ya sa ma ta zo. Wai ta gane kalmar farko, Malama, sauran kuma ba ta kai wurin ba tukuna, sai ta ɗauka sanarwa ce an koma karatu.

Auta, kunya ta kama ni, amma haushi ya fi kunyar yawa. Ashe uwarki ta yi kusan shekara tana koya wa matar nan karatu duk Alhamis, a ɗakin baya, don kada 'ya'yanta su yi mata dariya. Uwarki ta yi mata alkawari wata rana matar za ta tsaya gaban coci ta karanta aya da bakinta. Da Mai Gawayi ta je duba ta a asibiti, sai ta ce mata kada ta damu, Maigida zai ƙarasa, wai ya fi ta haƙuri. Ni da kika sani. Yanzu matar ta sa a ranta a taron tunawa za ta yi karatun, don Malama ta ji.

Na ce mata ni kafinta ne, kuma tafiya zan yi. Ba ta yi musu ba. Ta zauna a gindin bishiyar ƙofar gida, ta buɗe littafinta da ya yi baƙi da zanen yatsu, ta fara karatu ita kaɗai da ƙarfi. Ina ciki ina ji. Ba ta bambanta b da d, duk inda ta ga ƙ sai ta tsallake kamar rami. Kin san yadda nake ji in yaron shago yana yanka katako a karkace. Na daure, na daure, na kasa. Na buɗe ƙofa na ce ta shigo, yau kaɗai.

Yanzu kullum take zuwa, don taron ya matso. Kada ki gaya wa yayanki, zai yi mini dariya.

Allah ya sauke ki lafiya.

Babanki.

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jiki, yaya barci? Na san kwanakin nan ba sauƙi, ki yi haƙuri, ya kusa.

Jiya na je zaman kwamitin taron, na dawo kaina yana sarawa. Shugabansu shi ne Lauya, shugaban tsofaffin ɗalibai, wanda ba ya gama jimla sai ya gyara wuyan riga. Ya karanta mana abin da za a faɗa a kan uwarki. Wai mace ce mai sanyin hali da ba ta taɓa ɗaga murya ba. Na waiwaya don in ga ko wata matar ake nufi. Uwarki da ake jin muryarta daga filin makaranta har bakin titi? Wadda ta tare jami'in ilimi a ƙofar ofishinta ta hana shi fita sai da ya sa hannu a kan gyaran rufin aji? Shi kansa Lauyan, da kunne ta jawo shi daga tashar mota ta mayar da shi aji lokacin da ya gudu zai zama yaron mota. Na tuna masa a gaban mutane. Bai ji daɗi ba, ya ce ba irin wannan ake faɗa a taro ba.

Sun wanke ta sun goge har ba na gane ta. Matata ba haka take ba. Ranar da zarto ya yanke mini yatsa, ita ta kai ni asibiti, amma sai da muka biya gidan wata yarinya da ta daina zuwa makaranta, wai ai a kan hanya ne. Ina tsaye a ƙofar mutane da hannu cikin tsumma, ita tana ciki tana faɗa da uban yarinyar. Yarinyar ce sabuwar shugabar makaranta yanzu, ni kuma yatsan har yau ba ya lanƙwasawa.

Na kawo maganar Mai Gawayi. Lauya ya ce ba zai yiwu ba, manyan baƙi za su zo, kuma an riga an ba wani farfesa karatun. Ya ce tsarin ya cika, ba wurin ƙara kowa. Na tambaye shi ko ni ina da wuri, ya ce an ba ni 'yan mintuna in yi magana a madadin iyali. Na ce to na ba ta nawa. Fasto ya yi ta kallon silin, daga baya ya ce ai haƙƙina ne.

Na san za ki ji haushi, kin so in yi magana da sunanmu. Amma ki fahimce ni. Ko na tsaya ba zan iya faɗin abin da suke so ba. Abin da ke bakina faɗa ne. Likita ya ce uwarki ta huta, ta ƙi. Da kumburarrun ƙafafu take zuwa zaman unguwa, in na yi magana ta ce wa zai yi in ba ta yi ba. Kowa ya samu rabonsa a wurinta, ni kuma aka ce in jira ta yi ritaya. Ta yi ritayar, aikin ya ƙaru. Muna da maganganu da yawa da muka ajiye sai an samu lokaci. Wannan ba zancen gaban manyan baƙi ba ne.

Damuwata yanzu, Mai Gawayi ba ta shirya ba. Aya huɗu ce kawai, amma ta uku tana kayar da ita kullum. Na ce ta haddace, ba mai ganewa. Ta ce Malama za ta gane. Taurin kan nan na san inda ta koyo shi.

Ki sa mu a addu'a, ni ma ina yi miki.

Babanki.

Zuwa ga Auta, uwar jaririya,

Barka da sauka lafiya. Mun gode wa Ubangiji. Da yayanki ya kira ni ya ce mace ce, na zauna a kan bencin shago na daɗe ban tashi ba. Yaya jikinki? Tana shan nono sosai? Ki gaida angon ƙarni, ki ce na ji an ce ya fi jaririyar kuka.

Kin ce in ba ki labarin taron. Coci ya cika har waje. An yi jawabi har na daina ƙirgawa, kowa yana yabon wata mata mai sanyin murya da ban taɓa haɗuwa da ita ba. Farfesa ya yi karatunsa sumul. Sai aka kira wakilin iyali, Mai Gawayi ta tashi da sabon zane, ta wanke hannunta har ya yi ja. Aka fara waige-waige. Ta karanta aya ta farko da ta biyu a hankali, yatsa a kan layi. A ta uku ta tsaya a kan doguwar kalmar nan. Ta fara, ta koma, ta sake farawa. Wani ya yi tari, na ga Lauya ya duba agogo, ni kuma zufa ta jiƙa mini riga.

Kin san yadda uwarki take ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsa tana raba wa yaro kalma gaɓa-gaɓa. Ban san lokacin da na fara ƙwanƙwasa bencin gabana ba. Sai na ji wani ya kama daga baya, sannan wani. Rabin cocin nan ta hannunta suka koyi karatu, duk da wannan ƙwanƙwasar. Ba wanda ya faɗa wa Mai Gawayi kalmar, benci kawai ake bugawa a hankali, har da Lauya, kansa a ƙasa. Ta bi bugun gaɓa ɗaya bayan ɗaya har ta haɗa kalmar, ta wuce, ta ƙarasa ta huɗu. Ta rufe littafin ta ce amin da irin muryar da take kiran masu sayen gawayi.

Na yi kuka, Auta, a gaban manyan baƙi, abin da ban yi ba ko a bakin kabari. Har yanzu ina jin haushin hakan.

Yanzu ga matsalar. Washegari matar ta zo da ƙawayenta biyu, mai wanki da wata mai sayar da itace, kowace da sabon littafi da fensir. Na ce musu tafiya zan yi. Suka ce ba komai, za su jira. Na je kabarin uwarki na gaya mata duk abin da ke raina, ban rage komai ba, har mai sharar wurin ya matsa nesa. Da na gama na ji yunwa, rabon da in ji yunwa irin wannan tun kafin ta kwanta.

Zan zo ganin jikata mako mai zuwa, in yi muku mako biyu. Maganar sa gida haya kuwa a dakata. Ba wai na sauya ra'ayi ba ne, mai wankin ce take riƙe fensir kamar za ta soki wani, ba zan iya barin ta a haka ba. Ki lallashi yayanki.

Layin da ke ƙasa ba rubutuna ba ne. Mai Gawayi ta nace sai ta gaishe ki da hannunta, ta kuma hana ni gyarawa.

Ni ne babanki mai ƙaunarki.

barka da aifuwa. babanki yana da fada sosai amma malama tafi shi.