Sungumi Uku Kacal Aka Kawo Mini Bana

Zuwa ga Mushe Kumanda, Bature mai riƙe da ƙasar Damagaram.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina gajiya, ina aiki, yaya iyali can gida? Ni ne Sule, maƙerin Guna. Malamin unguwarmu ke rubuta mini, kuma in ka ga layi ya karkace laifina ne, na kasa zama wuri ɗaya. Ranka ya daɗe, an yi ruwa! Jiya bayan azahar ya sauka, ruwan shuka sosai. Na tona da hannuna har gwiwar hannu ban tarar da busasshiyar ƙasa ba. Ni da furfurata na fita tsakar gida ina taka rawa, matata Hajara tana ce mini, "Malam, ka ji kunyar surukanka mana." Ban ji ba.

Ga abin da ya sa na rubuto.

Na ɗaya. Ranar kasuwa ka bi ta ƙofar maƙerata a kan doki. Ka ga hayaƙi, ka ji masaba tana tashi a kan ƙarfe, ka sa mai fassara ya shaida wa jama'a cewa ƙasa ta samu lafiya, tunda yanzu babu mai zaman banza. Har ka nuna ni da bulala ka ce ga shaida. Wallahi kaina ya kumbura, kwana biyu hulata ba ta shiga. Kuma gaskiyarka, tun da na gaji maƙera wurin ubana ban taɓa aiki irin na bana ba. Gawayi ya ƙare, zuga-zugina sun huje sau biyu.

Na biyu. Sai dai ba ka tambaye ni abin da nake ƙerawa ba, ni kuma daɗin yabo ya hana ni faɗa. Guduma ce da ƙarafan fasa dutse, na aikin bariki. Mu nan ba da hayaƙi muke gane lafiyar ƙasa ba. Tun kakanninmu, in bazara ta yi nisa, kowane magidanci yakan kawo sunguminsa a gyara masa baki, wato ƙarfen nan mai doguwar ƙota da ake sare ƙasa da shi, mata na biye suna zuba iri. Maƙeri ya dubi tarin da ke ƙofarsa, ya san yadda kaka za ta kasance. Bara sai da na rasa wurin shimfiɗa buzun salla. Bana uku aka kawo mini. Uku! Ɗaya ma na wani tsoho ne da ba ya gani sosai. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Na uku. Masu sauran sungumin suna wurinka. Wata biyu ke nan da gardi, ɗan sandanka, ya zo ya kwashe mazan Guna zuwa Zindar aikin dole, cikinsu har da ƙanena Habu, wanda shi ke riƙe da gandun gidanmu tunda ni an ɗaure ni a bakin wuta. Aiki kam suna yi, ban musa ba. Amma dutsen da suke fasawa ba ya shiga rumbu, kuma Hajara ta ce ba ta san yadda ake tuƙa shi ba. Ina dariya, ranka ya daɗe, amma tsoro nake ji. Gidanmu baki goma sha ɗaya ne, geron da ya rage iri ne kawai.

Roƙona ɗaya: ka sako mana su yau, ko na mako guda ne. Laimar nan kwana uku take yi, yau ɗaya ya tafi. Sana'ata ta koya mini da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Dutse kuwa yana nan inda Allah ya ajiye shi, in an gama shuka za su tarar da shi. In ka yi haka, zo Guna da kaka ka ƙirga damman gero, ni da kaina zan riƙe maka linzami.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka lafiya, ya nuna maka damina mai albarka ko da ba ka da gona.

Ɗan aike zai miƙa maka wani abu naɗe cikin tsumma tare da takardar nan. Sungumin Habu ne, na gyara masa baki da asuba, yana ƙyalli. Ka ba shi a hannunsa ka nuna masa hanyar gida. In kuwa ba zai samu ba, ka riƙe shi wurinka, don nan babu hannun da zai ɗaga shi.

Wassalam.
Sule Maƙeri, Guna.